Keken tsere na ƙarfe: a rage kallon sitika, a duba haɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan keken tseren titi wanda ake ƙera firam ɗinsa da hannu, da bututun ƙarfe. Miguel Indurain ya ci gasar Tour de France ta 1994 a kan irin wannan firam, daga nan manyan 'yan tsere suka koma alminiyam, sannan kabon. Masu sha'awa dai ba su saki ƙarfe ba. A garin Gaiole na yankin Chianti a Italiya, tun 1997 ake taron L'Eroica, inda ake hawa kekuna ƙirar 1987 ko kafin nan. Damuwata ita ce sababbin shiga harkar sun fi kula da sitikar da ke manne a firam fiye da aikin da aka yi masa.

Sitikar nan sunan bututu kawai take faɗa: Reynolds 531 da aka fito da shi a Birmingham a 1935, ko Columbus SL na Milan, ko Tange Prestige na Japan. Duk ƙarfe ne na kirki. Sai dai wajen tauri, wato yadda bututu ke ƙin lanƙwasuwa idan aka taka feda, babban ƙarfe da matsakaici kusan ɗaya suke. Fifikon babban shi ne yana jure nauyi mai yawa kafin ya lanƙwashe ya ƙi dawowa, don haka ana iya sirance bangonsa a rage nauyi. Bututun gargajiya kaurin bangonsa milimita 0.9 ne a baki biyu inda wuta za ta taɓa, 0.6 a tsakiya. Taurin kuwa daga faɗi yake zuwa. Idan aka tashi daga faɗin milimita 25.4 zuwa 28.6 ba tare da an canja kaurin bango ba, tauri zai ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa ƙato mai kilo 95 idan ya hau dogon firam mai siraran bututu, kan keken kan iya kama rawa a gangara, ko da wace sitika ce a jiki. Maƙerin da bai tambayi nauyinka, tsawon ƙafarka da irin hanyar da za ka bi ba, to firam ɗin wani yake ƙera maka.

Aikin gaske a haɗi yake. Ana fara yanke bakin kowane bututu a goge shi da magagari har ya rungumi ɗan'uwansa ba tare da haske na ratsawa ba. Idan an bar giɓi, lokacin da haɗin ke hucewa sai ya ja bututun gefe guda, firam ya karkace. Daga nan hanya uku ce: a cusa bututun cikin soket, wato ɗan hannun riga na ƙarfe da ke haɗa bakunansu, a narka tagulla ko azurfa ta cika tsakani, ko a tara tagulla a kewayen haɗin ba soket a goge ta ta yi sumul, ko a yi waldar lantarki da ake kira TIG.

A aikin soket, azurfa mai kashi 56 cikin 100 tana narkewa a wajen digiri 620 zuwa 650, tagulla kuwa sai an kai kusan 900. Azurfa ba ta wahalar da ƙarfe, amma ba ta cika giɓi. Tana son tazarar da ba ta wuce milimita 0.1 ba. Tagulla ta fi yafiya ga haɗin da bai matse sosai ba, sai dai zafinta na iya raunana bututu mai siririn bango. Wannan ne ya sa da kamfanin Reynolds ya fito da bututun 753, wanda aka gasa don ƙarin ƙarfi, ya ƙi sayar wa maƙeri sai ya aika samfurin haɗinsa an gwada. Ƙwararre yakan ɗora narkakken ƙarfen a baki ɗaya na soket, ya ja shi da harshen wuta har ya ɓullo ta ɗaya bakin. Haka ake sanin ciki ya cika. Wanda ya bi gefe-gefe yana ɗiga shi zai samu haɗi mai kyan gani, cikinsa fanko.

Kurakurai biyu sun fi kashe firam, kuma fenti na rufe su. Na farko daɗewa da wuta a wuri guda har ƙarfe ya wuce ja ya koma ruwan lemo mai haske. Na biyu ƙwaƙule bututu da magagari a daidai bakin soket wajen share ragowar tagulla. Bangon da bai kai milimita ɗaya ba, ɗan zane kaɗan ya isa ya zama mafarin tsagewa bayan shekaru. Aiki mai kyau kuma yana buƙatar ƙananan ramukan da ake hudawa don iska mai zafi ta fita, da jiƙa firam a ruwan zafi bayan aiki don wanke man walda da ake shafa wa haɗi kafin a sa wuta, wanda idan ya saura a ciki yake cin ƙarfe.

Mai sayen tsohon firam yana iya duba abubuwa da yawa da kansa. Ya shafa yatsa a ƙarƙashin bututun ƙasa da na sama, dab da bututun wuya. Ɗan tudu ko tattarewar fenti a wurin alama ce an yi karo da gaba. Ya ɗaura zare a maƙalin wilin baya na dama, ya zagayo da shi ta gaban bututun wuya zuwa maƙalin hagu, ya auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin da ya wuce milimita biyu yana nufin baya ya kauce. Ya auna tsakanin maƙalan biyu: tsofaffi milimita 120 ne ko 126, giyar zamani mai birkin rim tana son 130. Ana iya buɗa firam ɗin ƙarfe daga 126 zuwa 130 ba tare da wuta ba, gefe ɗaya bayan ɗaya, milimita biyu kowanne, sannan a daidaita maƙalan su fuskanci juna. Kada a gwada wannan da alminiyam ko kabon, kuma a yi hattara da gasasshen bututu irin 753.

Gidan boris na feda ma yana da tarko. Na Ingila faɗinsa milimita 68 ne, kuma kofinsa na dama hagu ake murɗa shi ya ɗauru. Na Italiya 70 ne, duka biyun dama ake murɗawa, shi ya sa na ɓangaren sarƙa yake kwancewa a hanya idan ba a ɗaure shi da ƙarfi ba. Wanda ya tilasta kofin wani a gidan wani ya lalata haƙoran.

Sauran magana tsatsa ce, kuma daga ciki take farawa. Ruwa na bin sandar sirdi ya taru a gidan boris. Bayan tafiya cikin ruwan sama a zare sandar, a kifa keken ya tsane. Sau ɗaya a shekara a fesa man hana tsatsa cikin bututun, a shafa giris a sandar sirdi. Sandar alminiyam mai milimita 27.2 idan ta shekara biyu ko uku a bushe cikin bututun ƙarfe, takan kama ta yadda sai an yanke ta da zarto, tsaga-tsaga, kafin ta fito.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu