Kafin a taɓa gwamnan tarakta, a duba totur da mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin masu tsofaffin taraktoci da direbobinsu a ƙasar Daura, tun daga Sandamu har Mai'aduwa da Zango, kan wata ɓarna da muke gani a gareji duk sa'ad da damina ta kawo jiki. Da zarar inji ya fara hawa da sauka shi kaɗai, ko ya riƙa shaƙewa idan haro ya nutse a ƙasa, sai a yanke hukunci cewa gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ya lalace, a tsinke wayar da kamfani ya ɗaure kusar gudu da ita, a murɗa da sifana. Alhali galibi laifin ba na gwamna ba ne.

A tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 da injin Perkins mai silinda uku, gwamna yana cikin famfon injekta ne, wato famfon da ke tura mai cikin inji. Totur ba ya zuba mai da kansa, sifirin gwamna kawai yake ja. Wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi suna juyawa tare da inji, idan gudu ya yi yawa su buɗe su rage mai, idan kaya ya danne inji su koma ciki sifirin ya ƙara. Saboda haka duk abin da ya hana hannun totur isar da umarni, ko ya hana mai isa famfo, zai yi kama da ciwon gwamna.

A fara da abin da ido ke gani. A kashe inji, mutum ɗaya ya motsa totur, wani ya tsaya a gefen famfo ya ga ko sandar tana kaiwa ƙarshe ta kuma dawo. Sau da yawa mahaɗanta sun cinye, ko ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta daskare. Idan totur yana zamewa baya ana cikin aiki, ɗan faifan da ke riƙe shi ne ya saki, ɗaure noti ya wadatar. A kuma tabbata wayar kashe inji ta koma wurinta sosai.

Sai batun mai, kuma nan ne mafi yawan matsalar take. Iska a bututu, filtar da ta toshe, ruwan da ya kwanta a gindin tanki, har ma murfin tankin da ƙofar shaƙar iskarsa ta liƙe, duk suna sa inji hawa da sauka. A canza filta, a sassauta kusoshin fitar da iska, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu har mai ya fito ba kumfa. Irin wannan famfon injekta ba shi da wani baƙin mai nasa, gas ɗin da ke ratsa shi ne yake sa shi santsi, don haka wanda ya sayi jarka a hannun ɗan bumburutu aka gauraya masa da kananzir, arhar da ya samu ita za ta cinye masa famfo.

Murɗa kusar gudu kuwa ba ya ƙara wa inji ƙarfi, sai dai ya wuce iyakar da aka tsara masa, ya ja wa mai shi asara. Idan inji ya ƙwace da gudu ya ƙi mutuwa, a toshe bakin shan iska da katako, kada a kuskura a sa hannu. In an bi duk waɗannan bai daidaita ba, a kwance famfon ɗungurungum a kai wa mai injin gwaji, domin sifirin gwamna yana da ramuka da aka ƙayyade wa kowane inji, maƙala shi a wanda ba nasa ba kuma yana ɓata gudun gaba ɗaya.

Ina kira ga hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina, wato KTARDA, da ta shirya wa direbobi da yaran gareji ɗan horo kan wannan kafin ruwan shuka ya sauka.

Wassalam.

Naku,
Wani bakanike daga Daura, Jihar Katsina