Hoton babur da dare: a sauke filasha daga kan kyamara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin ƙannenmu masu ɗaukar hoto a Garwa da Marwa. Matashi ya sayi sabon Boxer ko TVS, yana son a ɗauke shi a kai, kuma sai bayan isha'i yake samun sarari. Abin da ya fi ɓata irin hotunan nan shi ne barin filasha a kan kyamara. Haske ya bugi tanki da salansa ya dawo kai tsaye, lambar babur ta fito fari fat ba ta karantuwa, baya kuwa baƙi ƙirin. Da hunturu abin ya fi muni, domin ƙurar da ke gaban kyamara kan fito ɗigo-ɗigo a hoton.

A sauke filashar, a ɗora a sanda da rimot, kamar mita 2 daga mai babur, a gefe wajen digiri 45, ta ɗan fi kansa tsayi. A sa mata farar laima. Tanki tamkar madubi yake, siffar laimar ce za ta kwanta a jikinsa da laushi. A danne ƙafar sandar da buhun yashi, iska ba ta raga wa laima.

A daina dogaro da TTL, wato tsarin da kyamara ke auna ƙarfin filasha da kanta, duhu da ƙyallin ƙarfe suna ruɗa shi. A saita da hannu: ISO (yadda kyamara ke jin haske) 800, buɗewar ido f/4, saurin ɗauka 1/30 na daƙiƙa, ƙarfin filasha 1/8, a gwada a gyara. Saurin ne ke shigo da fitilun titi da na shaguna, filasha kuma aikinta fuska. In fuska ta yi duhu, a matso da filasha, domin daga mita 2 zuwa 4 haske na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kada sauri ya wuce 1/200, a yawancin kyamarori baƙin layi zai yanke hoton.

A kashe inji, karkarwarsa na dusashe hoto a 1/30. Babbar fitila ma a kashe. In kyamara ta kasa kama fuska, a haska da tocilar waya, ta kama, sannan a kashe.

Don Allah kada a juya filasha wajen titi, tana kashe wa 'yan acaba ido suna tafe da fasinja.

Daga wasu masu ɗaukar hoto,
Garwa, Kamaru