Alfarmar da nake nema a kan kakana

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Liyon? Yaya uwargida da yara? Nan Tawa lafiya lau, an gama yankan hatsi, hunturu ya fara kaɗawa. Ta'aziyyarka ta rasuwar Baba ta iso, Allah ya bar zumunci.

Bayan sadakar arba'in muka buɗe adakarsa. A ƙarƙashin riguna muka tarar da wata takarda da tsufa ya rina, rubuce da Faransanci. Ta mahaifinsa ce: suna, lambar soja, runduna ta 25 ta sojojin da ake kira tirayer na Sanagal, sai kuma watan Yuni 1940, yankin Ron a Faransa. Wato can inda kake zaune.

Ka san ba mu da dangin uba a Adar, amma ban taɓa faɗa maka dalili ba. Kakana baduku ne daga ƙasar Sakkwato. Ya biyo ta Birnin Ƙonni da buhun fatu, ciniki ya yi masa daɗi, ya zauna, aka ba shi kakarmu. Da yaƙi ya tashi a 1939, kumandan ya yanka wa kowane gari adadin samarin da zai kawo. Wa zai miƙa ɗansa alhali ga baƙo? Shi aka nuna. Mutumin da ko talakan Faransa ba shi ba ne, aka sa masa jar dara, ya bar Baba a goye. Wannan abu har yau yana ci mini rai, don waɗanda suka nuna shi da su yake sallah sahu ɗaya.

Na nemi labarin rundunar. Ranar 19 da 20 ga Yuni 1940 suka tare Jamusawa a arewacin Liyon, bayan Paris ta riga ta faɗi. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya. A kusa da wani ƙauye, Chasselay ake rubuta shi, Jamusawa suka ware baƙar fata daga fararen, suka kora su fili, suka buɗe musu wuta, tankoki suka bi ta kansu. A wurin ne wani Bafaranshe, Jean Marchiani, ya tattara gawarwakinsu, ya kewaye su da jar katanga irin ginin ƙasarmu. Tata ake ce wa maƙabartar, an buɗe ta a Nuwamba 1942. Tirayer na Sanagal 188 ke kwance a ciki, da dama babu suna a kan kabarinsu.

Kakarmu ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta yi takaba, amma Baba ya ce shekaru bayan nan, in tsoffin soja suka taru karɓar fansho, sai ta je ta tsaya gefe tana duba fuskoki. Tsinkensa na dukanci kuwa ba ta bari kowa ya taɓa ba har ta koma ga Allah.

To ga alfarmar. Daga Liyon zuwa can bai kai tafiyar awa guda a mota ba. In ka samu hutu, ka je. Zan turo maka hoton takardar ta WhatsApp, ka bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya, ka kuma lura, Nasara kan karkata sunayenmu wajen rubutu. In ka gan shi, ka ɗauko mini hoto in nuna wa Gwaggo tun tana gani. In ba ka gan shi ba, ka tsaya wajen marasa suna, ka karanta musu Fatiha da Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa da ƙarfi, yadda muke faɗinsa a gida.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
amininka na Tawa