Hitar dizal ko ta gas a tantin kamun kifi kan ƙanƙara?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in ce wani abu kan hitar da masu kamun kifi a tafkin da ya daskare, irin na Kanada, ke ɗumama tantinsu da ita.

Ni dai dizal na zaɓa gaskiya. Hayaƙinta ta bututu yake fita waje, zafinta busasshe ne, sai dai fa tana cin batir mai volt 12 kuma in sanyi ya tsananta man kan yi kauri ya ƙi tafiya. Ta gas ɗin propane ba nauyi, ba ruwanta da batir, amma tana jiƙa tanti da raɓa, ga iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari, mutum na gyangyaɗi ta kashe shi. Duk mai kunna hitar gas ya bar kafar iska a buɗe.

Naku, mai karatu.