Zuwa ga Babana, kafin ka bari a taɓa injin motar nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyali da 'yar mutuniyata. Nan kowa lafiya, sai ƙafar nan tawa da sanyi ya sa a gaba.

Da waya na so in yi maka, amma na san halinka. "To Baba, to Baba," kana kashewa ka je ka yi abin da ke ranka. Shi ya sa na zaunar da ƙanwarka, ina faɗa tana rubutawa.

Ɗan Gwaggonka ya zo ranar Laraba, muna cikin hira maganar ta suɓuce masa, don haka kada ka neme shi da faɗa. Ya ce ka samu wani bakanike a Bukuru da zai cire nozul huɗun da ke fesa mai cikin injin Hilux ɗinka ya sa manya, ya ƙara wa famfo matsi, ya jona kwamfuta ya buɗe wa injin mai. Wai har ka ba da kafin alƙalami. Dalili, wai motar tana nishi a Hawan Kibo, yara suna wuce ka suna danna maka hon.

Wannan aikin ba baƙo ba ne a wurina, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi. Fistan ɗin nan da ke tokare ƙofar zaure, wanda kuka tashi kuna wasa da shi, ka taɓa tambayar abin da ya huda shi? A 1988 ne, ina jan Roka, ina ɗauko goro daga Shagamu. Famfon Bosch ne a jikinta, kamfani ya ɗaure sukurun mai da waya ya buga darma don kada wani ya taɓa. Na sa aka fasa darmar aka murɗa. Wata biyu ina jin kaina sarki, hayaƙi baƙi ƙirin a bayana, ina cewa ƙarfi ne. Rannan a wani hawa bayan Jebba injin ya buga. Da aka buɗe kai, na zura ɗan yatsana ta saman fistan ya fito ta ƙasa, gefen ramin ya narke kamar an ɗiga kitse. Kwana tara na yi a bakin titi ina kallon goron mutane yana lalacewa. Ni dai a lokacin ina da baki goma sha ɗaya da ke jiran tuwo, mai motar kuma da yawan sawu yake biya, ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Kai ga shi ana yi maka.

Injin dizal da mai da iska yake aiki, kuma sai sun daidaita. In ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, ragowar ba ya ƙonewa. Shi ne baƙin hayaƙin da kuke gani kuna tafi, kuɗinka ne ke fita ta salansa, a zamanin da litar dizal ta taɓa haura naira 1,000. Zafi kuma ya taru a kan fistan, shi kuwa da alminiyam ake yin sa, wanda ke narkewa a wajen digiri 660. Allurar zafi da ke gabanka ruwan lagireto kawai take aunawa, kafin ta motsa aikin gama ya gama. Ga shi kuma kana zaune a kan tudu, Jos ta kai mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta da kauri kamar ta Legas.

Taka ma ba irin tamu ba ce. Na je na samu abokina mai gyaran famfo a Ƙofar Ruwa, ya ce injin 2KD ne, lita biyu da rabi, ƙarfin doki wajen 100, mai tobo. Man da ke cikin bututunsa yana kai matsin 1,300 a ma'aunin "bar", alhali iskar tayarka ba ta wuce uku ko huɗu. Hudojin nozul ɗin kamar silin gashi suke, kuma kowace injekta, wato mai ɗauke da nozul ɗin, da lambarta da sai an shigar wa kwamfutar motar. Wa zai shigar maka da lambar wadda aka ciro daga kwali ba suna? Ya ce in mota ta rage ja, a fara da filtar mai da ta iska, a tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filta, a ɗora injektocin a kan injin gwaji, a canza washa ta jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsu. Sau da yawa ƙarfin da mutum ke nema a saya masa, nasa ne da ya ɓace a cikin datti. Kai da na sani kana shan mai a jarka a bakin hanya!

Amma duk wannan maganar ƙarfe ce. In injin ya mutu a saida gonar Dawanau a sayi wani, ba shi ya hana ni barci ba tun Laraba.

Birki ne, Babana. Bakaniken nan zai ƙara maka ja, amma ba zai ƙara maka tsayawa ba. Birkin da kamfani ya auna wa doki 100 da lodin tan ɗaya shi ne dai zai ci gaba da riƙe ka, faifai a gaba, ganga a baya. Kai kuma an ce lodin dankalinka sai sifirin ya miƙe. Hawan da kake jin haushinsa, da wane kaya kake hawansa? In ka ɗauko dankali za ka Akwanga da Abuja, gangarawa kake yi da lodi. Kenan inda kake neman ƙarfi daban, inda rai ke fita daban. Na sauka Hawan Kibo fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na san warin birkin da ya ƙone, na san yadda feda ke shigewa ƙasa kamar ka taka auduga, ka duba hagu dutse, ka duba dama rami. Ana saukarsa ne da giyar da aka hau shi, a bar injin ya riƙe mota. Amma wanda ya saba jin motarsa na tashi da ɗan taɓi, ƙafarsa ba ta ƙara yarda da giya ta biyu. Na ga haka a jikin direbobin da suka fi ka iya tuƙi.

Kuma kai ne za ka yi mana haka? Kai da ka tsaya a kan yayanka, ka kama makara da hannunka? Mahaifiyarka har yau in waya ta yi ƙara bayan isha'i sai ta dafe ƙirji. Shekara shida ba ta taɓa buɗe akwatinsa ba. Duk wannan bai ishe ka ba, sai hon ɗin wasu yara da ba su san zafin haihuwa ba shi ne ya tsaya maka a rai? Wallahi in ka bari aka sa nozul ɗin nan, kada ka shigo mini da motar ƙofar gida. Ka ajiye ta a tasha ka ƙaraso da ƙafa.

Ƙanwarka ta ce in sassauta, wai hannunta na rawa. To, na sassauta.

Na san ba shashanci ne ya kai ka ba. Kana so ka riƙa yin sawu biyu inda kake yin ɗaya, ga kuɗin haya, ga bashin motar da bai ƙare ba, ga mu nan kana aiko mana. Ina gani, kuma ina sa maka albarka dare da rana. Na san kuma ni na ɗora ka a sitiyari kana shekara goma sha huɗu, mahaifiyarka tana faɗa ina dariya. Ban yi nadama ba, abin da na iya kenan na ba ka, da shi kuma na ciyar da ku. In lodin ya fi ƙarfin Hilux, mu haɗa hannu a nemi Canter ko da ta hannu ce, Baffanka ya ce zai shiga.

Kafin alƙalamin da ka bayar ka bar masa, in ya tsaya maka a rai ni zan biya ka daga kuɗin gyaɗa. Ka zo da motar ranar Juma'a mu kai wa abokina ya gwada injektocin a gabanka, ya duba birkin baya. Mahaifiyarka ba ta san komai ba, na ce mata sabis za ka zo yi, kada ka ƙaryata ni. Ka taho da 'yar mutuniyata, kuma ka taso da sassafe kada dare ya yi maka a hanyar Saminaka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Ni ne,
Mahaifinka