Marubutan Wasan Rediyo, Ku Saurari Masu Sauraro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin marubutan wasan kwaikwayon rediyo da ke rawar jiki kan sharhin masana, su yi watsi da ƙorafin masu sauraro. A ganina sun juya abin.

Mai sharhi yakan saurari wasa a natse, ya maimaita, wani lokaci ma rubutun na gabansa. Mai sauraro kuwa sau ɗaya yake ji, hannunsa na kan wani aiki. In ya ce "ban gane wa ke magana ba", gyara ya ba ka kyauta. Galibi an tara muryoyi fiye da 4 a fitowa ɗaya, ko an ba mata biyu masu murya iri ɗaya matsayin uwa da 'ya. Sai a rage mutane, a kira sunan duk wanda ya shigo tun a maganar farko, a kuma bambanta muryoyi tun wajen zaɓen 'yan wasa.

In mai sauraro ya ce kiɗa ya danne magana, laifin mai haɗa sauti ne. Ya gwada da babbar lasifika, bai saurara a ƙaramar rediyo ko wayar hannu ba, inda raɗa da takun ƙafa ke ɓacewa.

Mai sharhi yana da ranarsa kan ginin labari. In ya ce fitowa ta yi tsawo, ƙirga shafuka: shafi 1 kusan minti 1 ne a iska.

Naku,
Mai bibiyar wasan rediyo