Takardar koke zuwa ga Mai Girma Hakimi a kan makarantar 'ya'yanmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, uban ƙasa,
ta hannun Mai Girma Dagaci.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nasara, ya jiƙan magabata.

Mu ne iyayen yara na ƙauyukan nan huɗu da ke tsallaken kogi, waɗanda firamare ɗaya tal muke haɗawa, tare da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, da matasanmu da suka ɗan yi boko. Mun zauna bayan sallar Juma'a a ƙofar gidan mai unguwa har kusan la'asar, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, a ƙarshe aka ce ni in rubuta tunda ni ne hannuna ya ɗan faɗa da rubutu, toh idan an ga wata kalma ta yi kaushi a yi mana afuwa, zafin abin ne ba rashin ladabi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma namu ɗakin ma yanzu ba rufin gaba ɗaya.

Ranka ya daɗe ba misali muke ba, da gaske ba rufin. Damina uku kenan da iskar farkon ruwa ta yaye kwanon ajujuwa biyu, kwanon yana nan jingine a bayan ofishin hedimasta ya yi tsatsa awaki na kwana a ƙarƙashinsa. 'Yan aji ɗaya da 'yan aji biyu a gindin darbejiya suke karatu, kowane yaro da buhun takin da ya ɗauko daga gida, shi ne bencinsa shi ne jakar littafinsa, in ruwa ya sauko kuma shi ne lemarsa. Allon ma bango ne ake fasa tsohon batir a shafa masa baƙin, sai malam ya yi rubutu ya juyo ka ga hannun rigarsa baƙi ƙirin. Da hadari ya haɗo daga gabas an tashi kenan ko ƙarfe tara na safe ne. Banɗaki babu, ruwa babu, fanfon tuƙa-tuƙan da aka yi mana ya lalace tun tuni, yaro in ya ce zai je gida shan ruwa toh sai gobe.

Amma wallahi ginin ba shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ba, mu da muka yi karatun allo a zaure da hasken kara mun san ana samun ilimi ko a ƙasa ake zaune in dai akwai mai koyarwa. Malamai ne babu. A takarda an ce mana mutum bakwai aka turo, waɗanda muke gani da idonmu uku ne, hedimasta da malamin Arabiyya da wani bawan Allah ɗaya da shi ke zagaye ajujuwa kamar mai tallan goro, ya rubuta wa 'yan aji huɗu lissafi ya ce su kwafa, ya ruga aji biyar, kafin ya dawo na farkon sun kaure da dambe. Akwai malamin da sau ɗaya muka taɓa ganin fuskarsa, ranar da aka zo tantance ma'aikata, ya zo fes da shadda ya sa hannu ya hau mashin ɗinsa. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, mu a nan in ka haɗa aji ɗaya da biyu a gindin bishiyar nan sun haura ɗari, kuma sau da yawa yarinyar aji shida ake ba bulala a ce ta tsare su.

Mu faɗi gaskiya, ba duka laifin malaman bane. Mutum yana cikin gari, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mashin zuwa nan da komawa ya ninka ya sake ninkawa, in ya ce kullum zai zo albashin a hanya zai ƙare, ga kogi in ya cika sai kwale-kwale. Toh shi yasa duk wanda ke da uban gida a sama da an turo shi nan wata biyu ya nemo canjin wurin aiki ya koma cikin gari, can kuma sai ka tarar malamai sun yi yawa a makaranta ɗaya suna zaune a inuwa ana hira ana jiran firiyod. Alhali muna da 'ya'yanmu haifaffun nan, su biyu maza ɗaya mace, sun gama NCE, karatun zama malamin makaranta, da gumin iyayensu, takardun suna cikin akwati, biyu daga ciki suna shiga aji kyauta don Allah sai ɗan abin sabulun da PTA ke haɗa musu in an samu. Su ba sa buƙatar kuɗin mashin, ba sa tsallake kogi, sun san kowane yaro da gidan ubansa. Duk lokacin da aka ce ana ɗaukar malamai sai su kai takardu, sai sunaye su fito babu nasu.

Allah ya taimake ka, abin da ke ƙona mana rai shi ne a takarda komai an gama mana shi. Tun 1976 aka kawo UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowane yaro, wasu daga cikin dattawan da suka sa hannu a wannan takarda da ita suka shiga makaranta. A 1999 aka ƙaddamar da UBE, shirin ilimin bai ɗaya, a Sakkwato, a 2004 aka mayar da ita doka, shekara tara kyauta kuma dole, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Matasanmu sun karanto mana dokar, har hukunci ta tanada wa uban da ya ƙi kai ɗansa, farko a ja masa kunne, in ya sake tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Toh mun ji wannan, mu ga mu mun kawo yaran, wane hukunci aka tanada wa wanda muka kawo wa yaran bai zo ba? Dokar dai ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC mai kula da shirin, sharaɗin kawai jiha ta ajiye nata rabin sai ta ɗauki na tarayya, kuma shekara da shekaru muna ji a rediyo biliyoyi na kwance a Abuja saboda jihohi da dama basu kawo nasu kason ba. Kuɗin rufin aji yana kwance, yaro yana zaune a kan buhun taki.

Kuma kyautar ma ai suna ce. Kuɗin jarrabawa, kuɗin alli, kuɗin fom, kuɗin katin sakamako, tsintsiya duk farkon zango. Ba mu zargi hedimasta ba don mun san ba a ba shi ko sisi na tafiyar da makaranta, in bai karɓa ba da me zai sayi alli, amma mai 'ya'ya biyar a makaranta in ya lissafa sai ya zaɓi biyu ya bar uku a gida, kuma kowa ya san waɗanda ake bari, matan ne.

Maganar matan nan ranka ya daɗe ita ce iyaye mata suka ce in ban rubuta ta da kyau ba kar in koma gida. Ƙaramar sakandare mafi kusa da mu tana can hedikwatar gunduma, tafiya ce ta fiye da awa ɗaya a ƙafa ta cikin gonaki, ga kogi a tsakani. Namiji ya samu keke ya lallaɓa, mace fa? Da can ana kai su makarantar kwana hankali kwance, amma bayan satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 da Kuriga a Maris ɗin 2024, wace uwa ce zata yi barci 'yarta na kwana a makarantar da ba katanga, wasu makarantun kwanan ma an rufe su ko an mayar da su jeka-ka-dawo. Sai yarinya ta gama aji shida tana ta ɗaya a ajinsu, shekara guda tana talla, shekara ta biyu a ɗaura mata aure. Sai kuma a dawo a rediyo ana cewa mutanen ƙauye basa son karatun 'ya mace. Ɗakin shan maganinmu har yau ba ma'aikaciya mace ko ɗaya, matanmu da yawa gara su haihu a gida da su je namiji ya duba su, mun rasa mata a haka ba ɗaya ba ba biyu ba. Daga ina ungozomar asibiti zata fito in duk 'yan matanmu a aji shida suke tsayawa?

Sannan wanda ya daure ya kai ƙarshe sai a haɗa shi jarrabawa ɗaya da ɗan birni, WAEC ɗaya NECO ɗaya JAMB ɗaya, ba a cewa wannan a gindin bishiya ya yi firamare a rage masa tambaya. Tun 2015 JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yinta. Ɗan ƙanena da muka haɗa kuɗi muka kai shi bara, ranar jarrabawar ita ce ranar farko da ya taɓa kwamfuta a rayuwarsa, da ya fito yake bani labari wai da aka ce ya motsa linzamin sai ya ɗaga shi sama yana nuna allon da shi kamar rimot, sai da na kusa da shi ya yi masa nuni ya ajiye a kan tebur, kafin hannunsa ya saba lokaci ya ci rabi. Yana faɗa yana dariya amma idonsa ya kawo ruwa. Yaron nan ya haddace izu talatin kafin ya kai shekara sha biyar, ba ƙwaƙwalwa ce bashi da ita ba. Na kusa da shi kuma tun yana nazare a makarantar kuɗi yake wasa da kwamfuta. Haka za a fito da sakamako a ce wancan ya fi ƙoƙari, ya tafi jami'a ya dawo ya zama shi ne mai raba malamai, ɗansa kuma ba zai taɓa zama a makarantar gwamnati ba balle ya san halin da take ciki. Mun duba a cikin waɗanda ke da iko da makarantar nan, bamu ga ko ɗaya da ɗansa ke cikinta ba. Ƙasa ɗaya amma akwai 'yan mowa akwai 'yan bora.

Muna jin alƙaluman da ake faɗa, UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 basa zuwa makaranta a Najeriya, UNESCO a 2022 ta ce sun kai kusan miliyan 20, kuma mafi yawa a Arewa suke. Namu yaran ma basa cikin wannan lissafin fa, don sunansu na cikin rajista, ana ƙirga su a cikin masu zuwa. Ɗan aji biyar ne amma ka ba shi takardar asibiti da Hausa ya karanta maka sai ya tsaya yana kallonka.

Namu laifin bamu ɓoye ba. Lokacin shuka da girbi muna kwashe yaran zuwa gona, ranar kasuwa makaranta kusan wayam take, akwai kuma iyayen da har yau sai an yi da gaske. Wannan mun ɗauki alkawari a gaban liman da masu unguwanni zamu gyara, an ma naɗa mutum biyu a kowane ƙauye da zasu riƙa zagayawa da safe. Dattawanmu sun tuna mana cewa a zamanin En'e hakimi ne ke aiko dogarai a kama yara a kai su boko, iyaye na ɓoye su a rumbu, wasu ma har kaji da awaki suke bayarwa don a bar musu 'ya'yansu. Yau ga shi mu ne da kanmu muke riƙo hannun yaran muna kawowa, shi yasa muka ce gidan da ya fara kai kakanninmu makaranta nan ya kamata mu kawo kukanmu.

Mun san ba kai ke ɗaukar malamai ba, ba kai ke ba da kwangila ba, amma in ka yi magana ana ji, mu kuwa mun kai takarda ofishin ilimi sau uku, kullum sai a ce an tura sama, kansila ma tun ranar zaɓe rabonmu da shi. Roƙonmu na farko ka taka da ƙafarka ka zo ka gani, ba tare da an sanar ba, don in aka sanar za a share fili a aro benci a tara malaman da bamu taɓa gani ba, gani ya kori ji. Sannan ka sa baki a kawo mana sunayen malamai bakwai ɗin nan a karanta a gaban jama'a, wanda zai iya zama ya zo mun ware ɗakuna biyu a gidan mai unguwa kyauta har da abincin dare, wanda ba zai iya ba a musanya shi, kuma a duba 'ya'yanmu masu NCE in za a ɗauki sababbi. Rufin ajujuwa biyun nan in aka bamu kwano da katako da ƙusa, kafinta namu ne, aikin gayya zamu yi kwana biyu mu gama. Babbar buƙatar ita ce ƙaramar sakandare ko da aji ɗaya ne a fara da shi a jikin firamaren, fili mun bayar, wani dattijonmu ya sadaukar da gefen gonarsa, bulo kuma mun fara bugawa tun kaka. Tunda a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muna roƙo ka tambayar mana ciyaman ko a cikin kuɗin akwai rabon makarantar tsallaken kogi, in babu ma a faɗa mana mu sani, ya fi romon baka.

Muna roƙon a bamu rana kafin ruwa ya sauka, don da kogi ya kawo ko kai ma sai da kwale-kwale zaka iso mu. Wakilanmu mutum shida, maza huɗu mata biyu, a shirye suke su zo fada duk ranar da aka kira su.

Allah ya ja zamanin uban ƙasa, ya ƙara girma da ɗaukaka.

Mu ne naka masu biyayya,
iyayen yara, kwamitin SBMC da matasan ƙauyuka huɗu na tsallaken kogi. Sa hannu da dangwalen yatsa suna cikin takardar da muka bai wa Dagaci.